Jan Ƙyallen Mai Fito

A matatar ruwan datti ta garin ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Baban Laka suke ce masa, daga masu gadi har masu ofis, domin shekara goma sha tara ke nan yana kula da babban tankin nan da yake zaɓaɓɓaka kamar tukunya a kan wuta.

Duk abin da garin ya zubar, na bayan gida da na wanka da na wanke-wanke, nan yake ƙarewa. Ruwan yakan fara bi ta wata ragar ƙarfe, inda ake sa manjagara a kwashe leda da tsumma. Daga nan ya kwanta a tankin farko yashi ya sauka, sannan ya shiga wajen Baban Laka. A tankinsa akwai laka mai ruwan ƙasa, kuma lakar nan tana da rai. Wasu ƙananan halittu ne a cikinta, ido ba ya ganinsu, su ne suke cinye ƙazantar muddin inji yana hura musu iska. Idan sun gama sai su kwanta a tanki na gaba, ruwan ya fita garau ya gangara kogi.

Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san lakar nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Kowace safiya yakan ɗebo ta a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya tsaya yana kallon yadda take kwanciya. Idan tana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, lafiya lau. Idan ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ranar ko abinci ba ya iya ci.

Abokin aikinsa, wani da ake kira Dogo, ba ya rabuwa da tsokanarsa.

"Baban Laka, yau 'ya'yan naka sun karya kumallo kuwa?"

"Sun fi ka ci, sun kuma fi ka aiki."

"To ka yi musu aure mana, su bar maka gida ka huta."

"Wa zai ba su mata, suna da kawu irinka?"

A bayan ragar ƙarfen nan akwai wata ƙofa ta ƙarfe mai sitiyari a kanta, kamar na babbar mota. Magudanun ruwan sama na garin a haɗe suke da na datti, saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi, abin da yake shigowa matatar yakan ninka sau huɗu. Idan aka bar shi ya bi ta tankin, zai kwashe lakar gaba ɗaya ya zubar a kogi, kuma sai an yi mako shida kafin wata ta girma. Mako shida ke nan garin yana zuba ɗanyen datti a kogi. Don haka sai a murɗa sitiyarin, ƙofar ta ɗaga, ruwan ya kewaye tankin ya tafi kogi yadda ya zo, na yini guda ko biyu. Kowane ma'aikaci ya san da wannan. A takarda kuwa, ba a taɓa buɗe ƙofar ba.

Tsohon da ya koya wa Baban Laka aiki ya bar masa ƙa'ida ɗaya: kafin ka taɓa sitiyarin nan, ka sanar da Mai Fito. A ƙasa, tafiyar awa biyu ga ruwa, akwai wata unguwa a bakin kogin da famfonsu ya daɗe da mutuwa, daga kogin suke ɗiba. Mai Fito, dattijon da yake ƙetarar da mutane a kwalekwale, yana da wani jan ƙyalle da doguwar gora. Da an kira shi sai ya ɗaga ƙyallen a mashaya. Mata su gani su koma da bokitansu, a yi kwana uku ana lallaɓa abin da yake cikin randa, mai yawa ta sam wa marar shi. Rana ta huɗu ya sauke. Ba hukuma ce ta tsara haka ba, kuma shekara da shekaru abin bai taɓa kuskurewa ba.

A unguwar nan 'yar Baban Laka take aure, ita kaɗai Allah ya ba shi. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Tana da 'ya mai shekara huɗu, wadda yake kira Amarya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Mai Fito.

A farkon daminar nan aka kawo sabon manaja, saurayi mai tsabtar takalmi. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Wasu masu bincike sun bi ta kogin sun ga jan ƙyalle, sun tambayi mata ma'anarsa, mata kuwa suka faɗa musu. Aka kira manaja can sama aka wanke shi tas. Da ya dawo ya tara ma'aikata a ƙarƙashin rumfar janareta.

"Wane ne yake kiran mai kwalekwalen nan?"

Baban Laka ya ɗaga hannu.

"Baba, ka haife ni, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma ka san me kiran nan yake nufi? Shaida ce. Duk ranar da ƙyallen nan ya tashi, mun sa hannu ke nan cewa mun zuba datti a kogi."

"Ranka ya daɗe, ai mun zuba ɗin ne."

"To kada a zuba."

"Sai lakar ta tafi."

"Kada ta tafi."

Dogo ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Manaja ya gani, fuskarsa ta canza.

"Na rubuta a ba mu tankin ajiye ruwan sama, na rubuta a gyara injin iska na biyu. Har su amsa, ƙofar nan ba a buɗe ta, kuma ba a kiran kowa. Wanda ya kira, shi ya buɗe, shi kaɗai zai amsa tambaya. Ba kora kaɗai ba ce, kotu ce. Ni ba zan iya tare wa kowa ba."

Tun daga ranar Baban Laka ya rasa sukuni. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Ya riƙa hango kansa tsaye gaban alƙali, da furfurarsa, ana karanta sunansa a rediyo a matsayin wanda ya zuba wa mutane najasa a ruwan sha. Ya riƙa duban sama kamar manomin da ya shanya hatsi.

Ranar wata Talata da hantsi hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ruwa ya kece. Cikin rabin awa ragar ƙarfe ta toshe da leda da robobi, Dogo yana ja da manjagara yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro leda. A jikin bangon mashigar ruwan akwai layuka uku da aka ja da fenti. Ruwa ya shanye na farko, ya shanye na biyu. Baban Laka ya leƙa tanki na ƙarshe ya ga lakar ta fara tasowa, tana bin ruwan da yake fita, gari-gari kamar an kaɗa koko.

Ya kira manaja. Wayar a kashe, yana taro.

"Baban Laka!" Dogo ya ƙwala masa kira ta cikin ruwan. "'Ya'yanka za su tafi fa!"

Ya hau kan dakalin ƙofar ya kama sitiyarin. Murɗa ashirin da bakwai ne, ya san su kamar yatsunsa. Ƙarfen ya yi ƙara, ƙofar ta ɗaga, baƙin ruwa ya yi tsalle ya faɗa hanyar kewaye yana kumfa. Warin ya bugi fuskarsa duk da ruwan da ake yi.

Ya shiga ɗakin injin ya ciro wayarsa daga cikin leda. Lambar Mai Fito tana nan, ita ce ta uku. Ya ɗora yatsa a kanta. Ya tuna takalmin manaja, ya tuna kotu. Sai ya gangara ƙasa ya danna ta 'yarsa.

"Baba, ina wuni? Ƙarar me nake ji haka?"

"Uwata, saurara. Akwai ruwa a randarki?"

"Jiya na cika. Lafiya?"

"Kada ki je kogi. Kwana uku. Ko wanki kada ki yi da shi. Abin da za ku sha ki tafasa."

"An buɗe ke nan. Bari in leƙa in gaya wa Baba Mai Fito, yana gida."

"A'a! Kada ki gaya masa. Kada ki gaya wa kowa."

"Baba, kamar yaya? Maƙwabta fa?"

"Idan ƙyallen nan ya tashi, ɗaure ni za a yi. Kin ji abin da na ce? Ɗauri. Ruwan saman ya yi yawa, zai sirka shi, kafin ya iso ku ya zama ba komai."

"Nan ko ɗigo ba a yi ba. Rana ce ƙwal."

Da a ce ana ruwa a can, da wasu sun yi hasashe da kansu, da sun tara na indararo. Amma ya riga ya fara, sai ya ci gaba.

"Uwata, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki rufa mini asiri."

Kafin ta amsa sai ya ji an fizge wayar, wata 'yar murya ta cika masa kunne.

"Angona! Yaushe za ka zo? Ka ce za ka kawo mini takalmi mai fitila."

"Amarya, ai na fasa auren nan. An ce ba ki iya dafa komai ba."

"Ƙarya ne! Kai ne tsoho, ba ka da haƙori!"

Ya yi dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba. Uwar ta karɓi wayar ta ce, "To, Baba," ta kashe.

Da la'asar ruwan ya tsagaita. Washegari da safe ya rufe ƙofar, murɗa ashirin da bakwai. Ya ɗebo lakar a kwalba, ta kwanta lafiya lau, tana ƙamshin ƙasa. Ya ce wa kansa kogi babba ne. Ya faɗa wa kansa haka ya fi sau ɗari kafin azahar.

Ranar Alhamis yana cikin kwashe shara a raga wayarsa ta yi ƙara. Bai gane muryar 'yarsa ba da farko.

"Muna asibitin unguwa. Amarya ce, amai da gudawa tun asuba. Ba ta iya ɗaga kai."

Ko rigar aikin bai tuɓe ba. Mota biyu ya hau, ya ƙarasa da ƙafa. Asibitin ɗaki uku ne da baranda, kuma barandar ma cike take. An shimfiɗa tabarmi, an rataye robobin ƙarin ruwa a ƙusoshin taga. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce take zagayawa, tana tsallake ƙafafun mutane, idonta ya yi ja. Warin wurin ya san shi. Shi ne warin da ya bugi fuskarsa ranar Talata.

Amarya tana kwance a ƙarshen baranda, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe ya tsage. An ɗaure mata allura a bayan hannu da filasta. Ya durƙusa ya ce, "Amarya, ga angonki." Ta buɗe ido ta dube shi kamar ba ta san shi ba, ta mayar ta rufe.

'Yarsa tana zaune ta jingina da bango. Ba ta gaishe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana.

"Ba ki tafasa ba ne?" ya tambaya a hankali.

"Na tafasa. Na rufe randa, na ɗora dutse a kan murfin. Ko alwala da shi nake yi." Muryarta ba ta rawa, shi ya fi ba shi tsoro. "A gidan Baba Mai Fito ta sha. Wasa suke yi da jikarsa, ƙishi ya kama su, aka ba su a kofi ɗaya. Yaro a gida ɗaya yake shan ruwa, Baba? Kai da ka raine ni, a gida nawa na sha?"

Ta ci gaba da magana.

"Ranar Talata da yamma surukar Baba Mai Fito ta dawo daga kogi da bokiti a ka. Ina tsaye a ƙofar gida. Ta ce, 'Maƙwabciya, kama mini.' Ni na kama mata, Baba. Da hannuna na sauke mata shi. Har na ce mata sannu da aiki."

Ta nuna da haɓa. Tabarma biyu daga nan jikar Mai Fito ce kwance, tsarar Amarya, uwarta tana yi mata fifita da murfin kwano. Yarinyar ba ta motsi, sai ƙirjinta da yake ɗagawa da sauri-sauri.

Yarinyar ba ta kai azahar ɗin Juma'a ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Mai Fito ya biyo ta asibitin don ya duba sauran. Dattijo ne siriri, kafaɗunsa sun faɗaɗa saboda tuƙi. Da ya ga Baban Laka sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ashe ka zo. Yaya mai jikin? Allah ya tashi kafaɗarta."

"Amin. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole." Ya sa hannu ɗaya ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba ya juya ta a tafinsa. "Wannan ce ta cuce mu, Baban Laka. Na san ka kira. Shekara nawa, ba ka taɓa fashi ba. Tun watan jiya take ɗaukewa, yara suna ta cewa in canza, ina cewa gobe. Ka kira ba ta shiga ba, ko? Ni na kashe 'yar nan da rowata."

Baban Laka ya buɗe baki. Ga hanya an buɗe masa, ko ƙarya ba sai ya yi ba, kai kawai zai gyaɗa. Ya ji wuyansa ya fara sunkuyawa da kansa.

"Wayarka lafiyarta ƙalau, Baba Mai Fito."

'Yarsa ce, daga inda take zaune, ba ta ko ɗago ba.

"Ni ya kira. Ya ce kada in faɗa. Ban faɗa ba."

Mai Fito ya dube ta, ya dubi ubanta. Bai saki hannun nan da nan ba, sai da ya ɗan jima, sannan ya zare nasa a hankali kamar mai gudun kada ya tashi mai barci. Ya mayar da wayar aljihu.

"To," ya ce. Ya juya ya sauka daga barandar.

Mutum biyar aka rasa a unguwar, huɗu yara. Amarya ta tashi bayan kwana tara, ƙafafunta kamar sillen kara. Ranar da aka sallame su mijin 'yarsa ya kwashe su ya kai su wajen danginsa, can nesa da kogin, don zaman unguwar ya gagare ta. Baban Laka ya saya takalmi mai fitila ya aika. Ba a ce an gani ba. Idan ya kira 'yarsa, wayar takan yi ta ƙara har ta gaji.

Masu bincike sun zo matatar. Suka ɗebi ruwa a bakin bututun da yake fitar da tataccen ruwa, suka ɗaga kwalbar, garau. Suka duba littafi, ba a buɗe ƙofa ba. Aka ce cutar daga rashin tsabtar mutanen unguwar ne. Manaja ya dafa kafaɗar Baban Laka a gabansu ya ce, "Wannan shi ne ƙashin bayan wurin nan." Da suka tafi ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya shige ofis ya rufe ƙofa. Dogo kuwa ya daina tambayar ko 'ya'yan sun karya kumallo. Gaisuwa kawai, kowa ya kama manjagararsa.

Mako uku bayan haka, wajen ƙarfe biyu na rana, hadari ya sake haɗuwa ta gabas. Tankin ajiyar ba a gina ba, injin na biyu yana nan a kwance. Ruwa ya kece. Layi na farko ya nutse, na biyu ya nutse.

Baban Laka ya hau dakalin ƙofar. Wannan karon bai shiga ɗakin inji ba, bai ɓoye ba. Ya ciro wayar a gaban Dogo, a gaban tagar manaja, ya danna lamba ta uku. A kore shi, a ɗaure shi, ya riga ya gama da wannan. Ta yi ƙara sau shida kafin a ɗauka.

"Ina jinka."

"Ni ne. Za a buɗe. Don Allah ka ɗaga ƙyallen."

"Ƙyallen yana sama."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Tun ranar da muka binne ta na ɗaga shi, ban sauke ba. Da wace shaida zan sauke? Shirunka ne yake ce mini ruwa lafiya, yanzu kuwa shirunka ba ya cewa komai."

"To mutane fa? Sun daina ɗiba?"

"Sun yi kwana huɗu. Randuna suka ƙafe. Ina za su? Yanzu haka ina kallonsu, mata bakwai ne a ƙarƙashinsa da bokitai. Wata ma ta shanya zanenta a jikin gorar."

"Ka gaya musu da baki! Ka ce yau da gaske ne!"

"Zan faɗa. Jiya ma na faɗa, shekaranjiya ma na faɗa, don duk hadarin da na hango ta wajenku sai in ce yau ne. Sun ce tsufa da baƙin ciki sun taɓa ni." Ya yi tari. "Awa biyu ko?"

"Awa biyu."

Wayar ta katse.

Ruwa yana dukan bayan Baban Laka, yana gangarowa ta cikin rigarsa. A tanki na ƙarshe lakar ta fara tasowa. Idan ya bari, mako shida. Idan ya buɗe, yau da gobe, da mata bakwai a mashaya.

"Baban Laka!" in ji Dogo. "Layi na uku!"

Ya mayar da wayar cikin leda, ya share ruwan da yake fuskarsa, ya kama sitiyarin da hannu biyu. Ya fara ƙirgawa.